A Cire Ko A Bari

Falon Abba ya cika maƙil da yammar nan, amma ban da ƙarar fanka da shessheƙar Goggo, ƙanwar Abba, ba ka jin komai. Ticha na durƙushe a bakin ƙofa kusa da takalma, inda ya saba zama tun yana neman aure. Malamin firamare ne, shi ya sa kowa ke ce masa Ticha, har surukansa. Matarsa Auta, 'yar lelen Abba, tana can asibiti a ɗakin masu tsananin ciwo, an zura mata roba a maƙogwaro, inji ne ke yi mata numfashi. Tari ne ƙarami ya fara, kafin a ankara ya ci huhunta duka biyu.

Abba ya gyara murya. "Na tara ku ne don na yanke shawara. Gobe za a cire wa yarinyar nan injin, a kawo mini ita gida."

Ticha ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. "Abba, ai in aka cire... likita ta ce ko bakin get ba za ta kai ba."

"To yanzu ina ta kai?" Yaya, wan Auta, ya daka masa tsawa. "Kullum mu je mu leƙa, tana nan kwance kamar itace! Kai ka bar ta tana tari har abu ya yi ƙamari, yanzu kuma filis ka ƙyale ta ta huta!"

"Ya isa," in ji Abba. Ya juyo wajen surukinsa, idanunsa jajur. "Kai yaro ne, ba ka san abin nan ba, ni na san shi. Mahaifiyarta a kan irin injin nan ta cika. Ina tsaye ina kallo, roba a bakinta, ko kalmar shahada ba ta samu ta furta ba. Wallahi har yau abin bai bar ni ba. Ba zan sake ba! 'Yata za ta cika a kan cinyata, ina karanta mata. Ka ji ni?"

To, ku faɗa mini, ya za a yi yaro mai kunya ya dubi tsabar idon mutumin da ya ba shi 'ya ya ce masa a'a? Ga dattijo na hawaye, ga dangi sun zuba ido. Bakin Ticha ya riga zuciyarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Abba."

Shi ke nan! Goggo ta rushe da kuka, Yaya ya zaro waya ya fara kiran 'yan uwa yana cewa miji ya amince. Ticha bai san yadda ya sa takalmansa ba. Sai da ya kai titi ya ga takalmin ƙafa ɗaya ma ba nasa ba ne.

Kai tsaye asibiti ya nufa. Ya tarar da likitar da ke kula da Auta za ta tashi aiki, jaka a kafaɗa, ya tare ta a baranda ba ko sallama.

"Likita, ki taimake ni, na kashe matata da bakina!"

Ta ja shi zuwa benci, ta saurare shi har ya gama. Mace ce mai magana a hankali, ba ta yi wa kowa alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

"Kai ne mijinta," ta ce. "In ba ka sa hannu ba, babu mai taɓa injin nan. Ka ce a'a kawai."

"Ba ki gane ba ne. Na riga na ce to a gaban dangi. Kuma ba shi ne ma ya fi damuna ba..." Muryarsa ta karye. "In Abba ne ke da gaskiya fa? In azaba kawai nake ba ta don ni ba zan iya rabuwa da ita ba? Kullum na shiga ina kiranta, ina riƙe hannunta, ko yatsa ba ta motsawa. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, tana nan kuwa?"

Likita ta dube shi. "Da yaushe kuke shigowa?"

"Da yamma, lokacin ziyara."

"Dukanku?"

"Dukanmu."

Ta ajiye jakarta a ƙasa. "Laifinmu ne, da mun yi muku wannan bayani tun farko. Barcin da kuke gani ba duka ciwo ba ne, mu muke sa ta. Akwai magani da ke shiga jikinta ta jijiya don kada ta yi kokawa da robar. Kowace safiya mukan rage shi na ɗan lokaci mu ga ko za ta amsa, sannan mu mayar. Da yamma kuwa ya kama ta sosai, ko ganga aka buga ba za ta ji ba."

Ticha ya miƙe zumbur. "Tana amsawa?"

"Zauna. Ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu ba ta amsa mana ba. Jiya sista ta ce ta ga girarta ta motsa, ni ban gani ba. Huhun ya daina lalacewa, amma bai fara warkewa ba. Tana iya tashi, tana iya tafiya. Sai dai wani lokaci mara lafiya ya ƙi muryar baƙo ya amsa ta nasa. Gobe da safe zan bar mutum ɗaya ya shigo. Ɗaya tak, ɗakin ba ya ɗaukar taro."

Ransa ya biya, wallahi ya biya! In Auta za ta buɗe ido ko na ƙiftawa ne, wa ya fi shi cancantar gani? In kuma wannan ce safiyarta ta ƙarshe, ya zai bar wa wani? Har ya buɗe baki zai ce shi ne, sai ya tuno fuskar Yaya. In ya shiga ya fito ya ce ta motsa, wa zai yarda? Za a ce so ne ya rufe masa ido. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Mahaifinta zai shigo," ya ce.

Washegari da safe Abba ya iso da Yaya da Goggo, har da katifa a bayan mota. Ticha ya zube a gabansa nan kan siminti, mutane na wucewa suna kallo, bai damu ba. Ya kwashe bayanin likita kaf ya faɗa.

"Au, yanzu kuma sabon salo?" in ji Yaya. "Jiya ka ce okey, yau ka canza?"

"Ban canza ba, Yaya. Alfarma nake roƙo. Abba, ka shiga da kanka ka kira ta. Ni ko ƙofar ba zan taɓa ba."

Abba ya dube shi. "In na shiga ba ta motsa ba fa?"

Ticha ya san abin da ake so ya faɗa, ya kuma san likita ba ta ba shi tabbacin komai ba.

"In ba ta motsa ba, zan sa hannu. Ba zan ƙara cewa uffan ba."

"Ka faɗa da bakinka," in ji Abba. Sista ta ba shi riga da abin rufe hanci, ta sa ya wanke hannu, ƙofa ta rufe a bayansa.

Wayyo, jira! Ticha ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya jingina goshinsa da bango yana ambaton Allah, hawaye na ɗiga kan rigarsa. Duk addu'ar da ya haddace ta gudu, abu ɗaya kawai yake maimaitawa: ya Allah ko yatsa ne, ko yatsa ne. Ta bayan ƙofa yana jin injuna na ƙara ɗi-ɗi-ɗi, bai san wanne ne nata ba. Ya riƙa zagin kansa. Wane irin miji ne zai ɗora ran matarsa a kan motsin yatsa? Goggo da tun jiya take harararsa ta matso ta dafa kafaɗarsa.

Ƙofa ta buɗe. Abba ya fito yana dafa bango, abin rufe hancin ya jiƙe sharkaf. Bai dubi kowa ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, dattijon da ko a gidansa ba ya zama sai a kujera.

"Abba, ta rasu ne?" Yaya ya tambaya a gigice.

Ya girgiza kai. Sai da ya yi ta jan numfashi sannan magana ta fito.

"Na kira ta, shiru. Na sake kira, shiru. Har na juya zan fito, sai na ce bari in yi mata sallama. Na riƙe hannunta na ce, Auta, Abbanki ne, na zo in kai ki gida. Sai ga hawaye daga gefen idonta. Likita ta ce in tambaye ta abu, in ce ta matse hannuna in ta yarda. Na ce, in kai ki gida? Hannun na nan sake. Na ce, in bar ki su ci gaba da magani?" Ya ɗaga hannunsa na dama yana kallonsa. "Ta matse. Wallahi ta matse! Mun zauna muna ta yanke mata hukunci, babu wanda ya tambaye ta."

Ticha ya faɗi ya yi sujada a tsakiyar barandar, kuka yake kamar ƙaramin yaro. Abba ya jawo shi da kansa ya rungume.

"Tashi, ɗana. Na ce mata kana waje, ta ƙi sakin hannuna sai da na yi alkawarin gobe kai za ka shigo."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daidai. An sha wuya! Zazzaɓi ya dawo, akwai ranar da likita ta kira su ta ce su yi ta addu'a. Amma ba a ƙara jin kalmar cirewa a bakin kowa ba. Yaya ya zo har makaranta ya ba Ticha haƙuri, yana ta sosa ƙeya yana cewa sori. A hankali huhun ya fara karɓar aikinsa, aka riƙa rage wa injin ƙarfi, har ranar da aka zare robar Auta ta ja numfashi da kanta. Ta rame kamar ba ita ba, muryarta a dishe, amma da ta ga mijinta sai ta ce, "Ticha, wa ya yi maka wannan mugun askin?" Ɗakin ya kaure da dariya da kuka gaba ɗaya.

Ku 'yan uwa matasa, ku dubi yaron nan da kyau. Yana da ikon ya murje ido ya ce matata ce, ya bar dattijo da ciwon rai har abada. Yana kuma iya bin kunya ya sa hannu ya rasa ta. Sai ya yi haƙuri, ya nemi sani wajen masu sani, ya bar wa surukinsa abin da ya fi so a duniya, Allah kuwa ya mayar masa da matarsa da uba a kai. Ku kuma iyaye, tsoron jiya kada ya sa ku yanke hukuncin yau da gaggawa. Abba da kansa yake faɗa wa duk wanda ya zo barka, ba ya jin nauyi.

"Kun ga yaron nan?" yakan ce, yana nuna Ticha. "Da ya biye mini, da ni na kashe 'yata da hannuna, ina cewa tausayinta nake ji."