Muryar Mubina a Lasifika

Badaru yana saman tsani yana ɗaura lasifika a babban filin taro na bayan Ƙaraye, wata yarinya da ta zo biki daga Jajaye ta tsaya a ƙasa ta ce masa ya ɗaura ta a karkace. Ya leƙo ya gan ta, tun daga ranar ya fara zuwa zance wurinta. Mubina ke nan.

Mawaƙa, 'yan siyasa, masu biki, duk wanda ya tara jama'a a filin nan da kayan sautin Badaru yake magana. Abin da ya sa mahaifinta, Malam Awaisu, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai cin abinci da kiɗa ba. Basiru mai shagon yadi yake so.

Ta rubuto masa: "Badaruna, ka yi haƙuri da Baba. Ka nemi hanyar zuciyarsa, tawa ai ka riga ka samu."

Sai ya nemo. Da saukar karatun ɗaliban Malam ta zo, ya roƙi a yi a filin, rumfa da sauti duk nasa. Tun safe ya haɗa wayarsa da na'ura yana gwaji, kamar yadda ya saba. Ya manta bai raba su ba.

Fili ya cika maƙil, Malam ya ɗaga hannu yana addu'a, saƙon murya ya shigo. Badaru ya koma gefe ya danna.

"Hasken idona, ina hango ka daga rumfar mata. Farar shaddar nan ta yi maka kyau. Wallahi ko Baba ya ƙi, ni kai nake so."

Kayan Badaru kuwa, a faɗi gaskiya, ba sa cinye harafi. Har masu rake a bakin titi sun ji. Malam bai sauke hannu ba sai da ya kai ƙarshen addu'arsa.

Kafin kwana uku Basiru ya janye. Mubina ta daina fita, don ko yara suka gan ta sai sun tambayi lafiyar farar shadda. Malam ya aika wa kawun Badaru cewa su zo ranar Juma'a a ɗaura aure. Ba kiɗa, ba lasifika. Waliccin ma ƙaninsa ya bar wa, shi ya zauna a zaure.

Da za a tafi da ita ta durƙusa gabansa tana kuka. Ya daɗe bai dube ta ba. Can ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Mubina," a hankali, yadda ita kaɗai za ta ji.

A gidansu Badaru ya tambaye ta me Malam ya ce.

Ta share ido. "Wannan kam, angona, bar mini shi. Ba na fili ba ne."