Sanda Ɗaya Taki, Ɗaya Tawa

“Sanda? Ni za ka ba sanda?!”

Auta ta wurgar da ita a tsakiyar shagon kayan hawan dutse. Jakunkunan goyo da takalman hawan dutse da ke rataye duk suka koma mata dishi-dishi saboda hawaye.

Tun tana ƙarama take ɗingisa ƙafar hagu. Babanta, Allah ya jiƙansa, bai taɓa bari an miƙa mata sanda ba. “’Yata ba gurguwa ba ce,” haka yake cewa. Yau ga wanda take so, mai kai mutane hawan dutse, ya naɗo mata ita da sunan kyauta.

“Autata, tsaya ki ji...”

“Na ji! ’Yar kawunka ta riga ta faɗa min. Wai za ka ba ni sanda don in san matsayina, in bar mata kai!”

Ya dafe kai. “Ita ta ce haka?”

“Ita! Ummanka ma ai ta ce ba za ka auri wadda ko matakala ke ba ta wuya ba...”

Ya sunkuya ya ɗauki sandar, ya goge ta da gefen rigarsa. Sannan ya zaro wata daga jakarsa, iri ɗaya sak, har igiyar zura hannu.

“Bibbiyu ake sayar da su, rabin raina. Duk mai hawa yana riƙewa, ko da ƙafar ƙarfe gare shi. Rabawa na yi. Ɗaya taki, ɗaya tawa.”

Auta ta dubi sandunan biyu.

“Dutsen... da ni za ka?”

“Da wa kuma?”

Mai shagon, wata dattijuwa, ta tuntsire da dariya. “’Yar nan, saura kaɗan ki fasa min siminti a banza! Zo ki gwada takalmi.”

Ta ba ta wanda ya ɗan fi ƙafarta, da safa mai kauri, ta ƙara soso a cikin na hagun. Da aka zo kan rigar ruwa, ya ɗauko mata baƙa.

“A’a. Ja nake so,” in ji Auta. “Don a hango ni daga ƙasa.”

Ranar hawan, ’yar kawun ma ta biyo su, cikin takalmi mai ƙyalli wanda ya matse ta. Ya miƙa mata sanda, ta yatsina fuska.

“Ka ba masu buƙata.”

Ba a kai rabin hanya ba ta zube a kan wani dutse, duga-dugai sun yi bororo.

Auta ta wuce ta. Ƙafar tana zogi, numfashi yana sarƙewa, amma ta kafa sanda, ta ja jiki, ta sake kafawa. Sau ɗaya ya miƙo hannu.

“Bar ni, Mai Dutse. Da kaina!”

Da ta taka ƙololuwa, iska ta kaɗa jar rigarta. Ta ɗaga sandar sama, ta fashe da kuka.

“Baba... ga ’yarka!”

Washegari ya kai ta gaida Umma. Sun tarar da ita a gindin matakala, dafe da gwiwa tana nishi. Hoton jar rigar kuwa tuni ya iso wayarta.

“Ke ce kika hau wancan abin?”

“Ni ce, Umma.”

“Da wannan tsinken?”

Auta ta rusuna ta miƙa mata sandar. Umma ta zura hannu a igiyar, ta taka ɗaya, ta taka biyu, sai ga ta a sama ba nishi.

“Ikon Allah!”

“Ki riƙe aro, Umma.”

Umma ta leƙo ta harari ɗanta.

“Aro? Ni ba na son aro. Ka je ka sanar da kawunnanka. A kawo min sandar nan gidan nan, ita da mai ita!”