Auta, Ki Rufe Taga

Na rantse ba kaffara, ba za ku yarda da wannan labari ba. Ku dai ku saurara.

A gidan su Auta akwai ɗakin da ba a buɗewa, ɗakin Umma. Tun ranar da aka fita da gawarta Baba ya murza makulli ya jefa a aljihu. Sai da Auta ta kai ajin ƙarshe a sashen koyon shirya fim, aka ce kowa ya kawo gajeren fim nasa, ita kuwa ta kafe a ɗakin nan za ta ɗauki nata: labarin yarinyar da ke kwashe kayan mahaifiyarta. Ta roƙa, ta yi kuka, har Baba ya gaji ya miƙo makullin.

"Amma kada a taɓa mata kabad," in ji shi. "Ko hannu kada a ɗora."

Tare da Auta akwai abokin karatunta da ake kira Mai Sauti, wani saurayi marar hayaniya da kullum hedifon ke rataye a wuyansa. Kowa a gidan ya san ba makirfo kaɗai ke kawo shi ba, domin manyansa ma suna shirin zuwa wajen Baba neman aurenta.

Sai kuma yayanta, Tantiri. Kai, Tantiri! Yaron da ya bar makaranta tun kafin makaranta ta gama shawarar korarsa. Shi ne ya taɓa ɗinke ƙafar wandon hedimasta, shi ne ya sa mai gadin layinsu ya yi yini guda yana neman akuyar da ke kuka a cikin rediyo. Wajen iya shege ba a haifi na biyunsa ba. Har Baba ya rantse, in ya ƙara ko guda ɗaya, sai ya bar masa gida.

"Darakta," in ji Tantiri yana gyara kwalar riga, "ga jaruminki ya iso."

"Yaya, fim ɗin ba namiji a ciki."

"To ki sa! Wannan fuskar a bar ta a banza?"

"Ka riƙe mana fitila in kana so."

Fitila! Shi Tantiri guda! Bai gama haɗiye wannan ba Mai Sauti ya ce masa cikin ladabi, "Yaya, don Allah a cire makullan nan na ƙugu, suna shigar mini sauti. Kafin mu fara ɗauka gobe, yau za mu naɗi shirun ɗakin. Kowane ɗaki da irin shirunsa, da shi ake cike tsakanin maganganu. Kowa zai tsaya cik, ko numfashi a hankali."

Tantiri ya yi murmushi. Shiru ake so? To za a sha shiru.

Yana da wata tsohuwar ƙaramar waya mai madannai, irin wadda batirinta ke manta mutuwa. A cikinta akwai muryar Umma, wadda ya taɓa naɗa a ɓoye don ya riƙa tsokanar Auta. Bai taɓa gaya wa kowa yana da ita ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa yakan saurare ta shi kaɗai ba. Ya mayar da muryar ƙarar alam, ya saita bayan la'asar. Da suka fita ɗauko kamara, ya faki ido ya zura wayar a aljihun wata rigar Umma cikin kabad.

Da lokaci ya matso aka taru. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa. Tantiri na kallon agogon bango yana ta tarin ƙarya yana ɓata musu, sai da ya ga allura ta kusa, ya nutsu. Mai Sauti ya ɗaga sandar makirfo, ya ɗaga yatsa. Ɗaki ya yi tsit. Ƙamshin turaren Umma na nan a labule, takalmanta na nan a gefen gado kamar yanzu ta cire.

"Auta! Auta, ki rufe taga, hadari ya taso. Kada ruwa ya jiƙa mini kaya."

Innalillahi! Auta ta saki ƙara ta zube ƙasa. Tantiri ya ciji leɓe yana jiran a fashe da dariya, ya waiga wajen Baba, sai dariyar ta maƙale masa a wuya. Baba ya dafe ƙofa. Ya taka a hankali, ya wuce kowa, ya je ya rufe tagar.

Sannan ya juyo kan Mai Sauti.

"Kai ne mai na'urorin murya. Matata ce abin wasanka?"

"Baba, wallahi ban…"

"Fita! Kai da kayanka. Ka kuma gaya wa manyanka su huta, ba ni da 'yar da zan ba wanda ba ya jin kunyar matattu!"

Ya kore su duka, ya murza makulli, ya mayar aljihu. Waya na ciki.

Tantiri ya ce a ransa, ba komai, gobe Baba zai huce. Abin da gwanin bai lura da shi ba, garin sauri ya danna alam ɗin a kan kullum. Washegari bayan la'asar, gida shiru, sai ga murya daga bayan rufaffiyar ƙofa: "Auta! Auta, ki rufe taga…"

Jibi ma haka. Gata ma haka.

Gidan ya zama wani iri. Auta ta daina bi ta gaban ɗakin. Da la'asar ta yi sai ta toshe kunne da matashi tana kuka, ga ranar miƙa fim na matsowa ba ta ɗauki ko hoto ɗaya ba. Baba kuwa, mutumin da ya fi kowa sanin wanda ya tafi ba ya dawowa, ya ƙi yarda a bincika ɗakin. Da lokaci ya yi zai shiga shi kaɗai ya kulle, ya zauna a bakin gado. Abinci ma sai an yi da gaske. Shi kansa Tantiri, da ya san waya ce, in muryar ta tashi sai tsigar jikinsa ta tashi tare da ita, don shi ne ya saba barin tagar nan a buɗe, Auta ta sha faɗan.

Wata rana ya laɓe bayan ƙofar gida ya ji Auta na tsare Mai Sauti a bakin layi.

"Ka rantse ba kai ba ne!"

"Na rantse."

"To waye? Hedifon na kunnenka, ka ji abin da ba mu ji ba. Waye?"

Mai Sauti ya sunkuyar da kai.

"Ka ga? Kana ɓoye mini! In ba za ka faɗa ba, kada ka ƙara kirana!" Ta shige gida da gudu.

Tantiri zai sulale sai ya ji an ce, "Yaya." Ya tsaya.

"Kafin muryar ta fito na ji ƙarar girgizar waya a jikin katako. Irin wayar nan mutum ɗaya na sani da ita."

"To... to me ya hana ka faɗa?"

"Na ji rantsuwar da Baba ya yi a kanka. Ba na so in shiga gidanku ta ƙofar da aka fitar da kai. Zan jira. Amma Yaya, kullum tsohon nan sake binne matarsa yake yi. Ka duba."

Ku a zatonku Tantiri ya je ya faɗi gaskiya? Ba ku san shi ba. Dabara ya nemo. Ya jira Baba ya fita masallaci, ya ɓalle ƙugiyar taga da cokali, ya dira ciki kamar kyanwa. Ya buɗe kabad, ya laluba, ya cafko wayar. Aiki ya yi kyau! Sai ya ji makulli na juyawa a ƙofa.

Ina zai shiga? Ya faɗa cikin kabad ya ja murfi, rigunan Umma suka rufe masa fuska. Kafin ya lalubo madannin kashewa a cikin duhu, waya ta yi girgiza a tafin hannunsa.

"Auta! Auta, ki rufe taga…"

Ya ji Baba ya ja tagar da shi Tantiri ya bari a buɗe, ya ji gado ya yi ƙara.

"Na rufe," in ji Baba a hankali. "Na rufe miki. Na san ba ke ba ce. Na san wani abu ne aka ajiye a nan. Tsoro nake in nemo shi ya daina. Na kori yaron nan, kuma zuciyata ba ta yarda shi ne ba. Auta ta rame. Babban kuwa, ke kaɗai kika iya da shi. Kin ce in yi haƙuri da shi, zai yi hankali. Ina ta yi. Na rantse zan kore shi, amma in na kore shi wa zai riƙa yi mini irin dariyarki?"

A cikin duhu hawaye suka wanke wa Tantiri fuska. Ya ja numfashi don ya danne kuka, ƙamshin kafur ya cika masa hanci.

"Atishawa!"

Murfin kabad ya buɗe. Ga Tantiri tsugune, ɗankwalin Umma a ka, waya a hannu, majina har leɓe.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Tantiri ya gwammace a zabga masa mari da wannan kallo.

"Baba, ni ne. Ba ruwan Mai Sauti. Ya sani tun ranar, ya rufa mini asiri."

"Ya sani? Ya bari na ci masa mutunci, ya rasa Auta, don kada in kore ka?"

"E, Baba."

Baba ya miƙo hannu, Tantiri ya ɗora masa wayar. Ya shafa ta da babban yatsa, ya sa a aljihun da makulli yake zama, ya ciro makullin ya ajiye a kan gado.

"Wannan ta zama tawa. Ɗakin kuma a bar shi a buɗe, ya sha iska. Kai kuwa tashi. Da ƙafarka za ka je gidan su yaron nan, ka durƙusa gaban manyansa ka faɗi abin da ka yi, ka ce ina jiransu."

Auta na bakin ƙofa ta ji komai. Ta ruga neman wayarta tana kuka tana dariya.

Da haka Mai Sauti ya samu Auta, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Wanda ya iya danne gaskiyarsa don kada gidan masoyiyarsa ya tarwatse, ya cancanci a ba shi 'yar gidan. Wasa kuma, in ya taɓa inda mutum ke ciwo, ya tashi daga wasa.

Tantiri kuwa bai gama biya ba. Ranar ɗaukar fim Baba da kansa ya ɗora masa sandar makirfo, hannu biyu a sama tun safe, an ƙwace makullan ƙugu, an hana shi ko tari. Kafaɗunsa na wuta ya ce, "Darakta, don Allah a ɗan huta mana!"

Auta ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yaya, shiru muke naɗa. Ɗaga hannu!"