Ranar da Ban Danna Hon a Kan Gada ba

Duk direban da ke bin hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa ya san ƙa'idar babbar gadar nan: in magariba ta kawo jiki, sai ka danna hon sau uku kafin ka hau, don mutanen ɓoye su kwashe 'ya'yansu daga kan titi. Ni Sada na daɗe ina yi wa direbobin dariya, amma dai ina dannawa.

Ran nan matata Rashida na ɗauko, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, aka ce mu wuce asibitin Funtuwa. Cikin fari ne. Dab da gadar barci ya ɗan sace ta a kujerar baya, tausayi ya kama ni. Na ɗage hannuna daga hon.

A tsakiyar gada na ji ƙit, kamar na taka ƙwarya.

Mota ta mutu. Kwaɗin kogi suka yi tsit gaba ɗaya. Warin danyen laka ya cika motar, alhali gilasai a rufe suke. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba.

Sai kukan yaro daga ƙarƙashin mota, siriri.

Na kalli madubi. Wata mace na zaune kusa da Rashida, ruwa na ɗiga daga zaninta, ta ɗora dogon hannunta a kan cikin.

"Ka karya min ƙafar ɗa," ta raɗa. "Ba ka yi mana magana ba."



Rashida ce ta buɗe ido ta amsa mata. "Baiwar Allah, don ni ya yi shiru. Ke ma uwa ce. Ki bar min ɗan cikina."

Matar ta ɗauke hannunta daga kan cikin.

"Na bar miki," in ji matar. "Amma mun raba."

Motar ta tashi da kanta. Ban san yadda na kai Funtuwa ba.

Kafin isha'i Rashida ta haifi namiji, muka sa masa Mus'ab. Da ya fara tafiya sai ga shi yana ɗingisa ƙafar hagu, likitoci sun duba ba su ga komai ba. Shekara huɗu ina zagaye ta wata hanya in yana cikin mota. Bana da sallah na ce ai abin ya wuce, muka bi ta gadar da rana tsaka.

Ya manna fuska a gilashi yana ɗaga wa ruwa hannu.

"Baba, tsaya mana. Ga ɗaya Innar tawa can, ta ce yau kwananta ne."