Muryar Taufiq a Bakin Basma

Magariba ta kawo kai a Birnin Kudu. Inna Tani tana kwashe tuwo, babbar 'yarta Mas'uda tana zaune a ƙofar ɗakin Taufiq da kwamfutarsa a cinya, sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano. Wata ta biyo ta. Aka leƙa waje, babu kowa.

Taufiq, yayan Mas'uda, ya rasu tun farkon damina a hatsarin babur a hanyar Gwaram. Ya tafi ya bar aiki a hannu: wata ƙungiya ce ta ɗauke shi ya yaɗa kiran mata zuwa awon ciki. A shafin Excel na kwamfutarsa ya jera sunan kamfe, wato sunan kowane gangamin kira, a gefe guda, ya jera inda za a saka sanarwar, ko WhatsApp ko Facebook, sannan ya gina fomula mai ɗinke su su zama link guda, wato adireshin intanet da ake taɓawa a waya. Duk wanda ya taɓa link ɗin, za a san ta wace hanya ya zo. Shi ya koya wa Mas'uda, ita take ƙarasawa, tana yi tana share hawaye.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da ta buɗe kwamfutar da yamma, sai ya fara. Daga baya autarsu Basma ta daina cin abinci, ta koma zama a ƙuryar ɗakin mamacin, shiru, idonta a kan kujerarsa. Wata yamma ta juyo ta dubi Mas'uda, ta ce da muryar namiji, "Kin manta alamar tambaya kafin sunan kamfen."

Muryar Taufiq ce. Kwanon da ke hannun Inna ya suɓuce.

Washegari aka ɗauko Malam Maikano daga Gwaram, dattijo mai ruƙiyya. Ya zauna a tabarma bayan la'asar, ya daɗe yana karatu, har jikin Basma ya ɗauki rawa.

"Inna," in ji muryar, "ni ne."

Inna ta yunƙura. Malam ya ɗaga mata hannu. "Wanda ya tafi ba ya dawowa. Ji tsoron Allah, ka faɗi ko kai wane ne."

Da muryar ta dawo, ta zama wata daban, tsohuwa, a dishe.

"A ɗakin nan nake tun ba a haife shi ba. Yana aiki yana magana shi kaɗai, ni kuwa ina bayansa ina ji. Ban taɓa cutar da shi ba. Ya fita da safe, bai dawo ba, kuma babu wanda ya gaya mini komai."

"To me kake nema a jikin yarinya?"

"Waccan ta iya aikinsa. Ta haɗa mini link ɗaya da sunansa, in ga hanyar da ya bi. In ta yi, zan fita."

Malam ya dubi Mas'uda. Ta dubi Basma, ta ce, "Abin nan inda mutum ya fito kawai yake nunawa. Ba ya nuna inda ya tafi. Wallahi da yana nunawa, da na riga ka."

Sai Basma ta kife a ƙasa, wani irin kuka ya fito daga ƙirjinta, kukan da Mas'uda ba ta taɓa jin irinsa ba ko ranar jana'iza. Malam bai yi tsawa ba. A hankali ya ce, "Yana wurin Ubangijinsa. In kana ƙaunarsa, yi masa addu'a, ka sakar masa ƙanwa."

"Na ji," in ji muryar. "Ku bar mini kujerar a inda take."

"An bar maka."

Basma ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa da muryarta.

Mas'uda ta raka Malam zaure. Da ta dawo, ta tarar da Inna zaune inda aka bar ta, ba ta ko dubi Basma ba.

"Alhamdu lillahi, Inna, ya tafi."

Inna ta kai dubanta ƙofar ɗakin Taufiq. Can ta ce, "Na san ba shi ba ne. Na sani. Amma da Malam ya bari ya ƙara cewa Inna, ko sau ɗaya."