Zakin Indararo

Ruwan farko bayan dogon rani shi ya tona asirin. Masu yawon buɗe ido sun fake a gindin ginshiƙan tsohon haikalin da ke kan tudu, sai suka ga kan zakin kusurwar rufi, wanda shi ne indararon ginin shekara dubu biyu da ɗoriya, yana zubo da ruwa baƙi-baƙi kamar gahawa. Kafin ruwan ya ɗauke, fuskar zakin ta yi fari fat. Sabon dutse ne aka rina. Na ainihin ya yi ƙafa.

Kafin Insifekta Lefteris Karavias ya hau tudun, manyansa sun riga sun sa an kulle Thanasis maigadin wurin, sun ce jirgin ruwan Juma'a zai ɗauke shi daga tsibirin ya kai shi kotu a Atina. Tun Lefteris yana yaro ya san Thanasis. Mutumin da ke ɓoye taba saboda tsoron matarsa ba ya satar zaki. Ya ƙudura a ransa jirgin nan ba zai tashi da shi ba.

Ya bi Injiniya Evdokia, shugabar masu gyaran haikalin, suka hau katakan da aka kafa a jikin bango.

"Madam, kin ce duk wata kina duba kan nan."

"Ina dubawa."

"Daga ina?"

Ta gyara tabarau. "Daga ƙasa."

Lefteris ya durƙusa. Tsakanin katako biyu ya zaro wani ɗigo mai nauyi, ruwan toka, ya ɗora mata a tafin hannu.

"Dalma ce," in ji ta. "Mu ba ma aiki da ita. Aikin mutanen da ne. In suka haɗa dutse biyu da ƙarfe, sai su narka dalma su zuba ta lulluɓe ƙarfen, don kada tsatsa ta kumbura ta tsaga dutsen."

"Ɓarawo mai sauri zai tsaya yin wannan?"

"Gam zai shafa ya gudu."

"To, kada ki faɗa wa kowa, ko mijinki."

Daga nan ya gangara ofis. Thanasis yana zaune a ɗakin tsare mutane, bai taɓa burodi da zaitun ɗin da matarsa ta kawo ba.

"Baba Thanasis, ka taɓa barin ƙofar nan?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ranar bikin Maryamu a watan Agusta, wa na gani a dandali da ƙafar rago a hannu yana rawa kamar an ɗaure wa jaki gwangwani?"

Thanasis ya sunkuyar da kai. "Duk tsibirin na can. Wa zai hau tudu ran biki?"

"Makullin fa?"

"Ƙarƙashin tukunyar ɗoɗɗoya, bakin ƙofa. Nan nake ajiye shi kullum."

"Wa ya san da haka?"

"Babu kowa."

Ya faɗe ta da sauri, idonsa na kan bango. Lefteris bai matsa ba. Kowa a garin ya san wanda ke zama da Thanasis bakin ƙofar nan duk yamma suna buga dara suna zagin juna: Zisis, tsohon mai sassaƙar dutse.

Shagon Zisis na bayan coci. Ƙurar farin dutse ta rufe komai, har girarsa. Yana sassaƙa gicciyen kabari, bai ɗago ba.

"Ɗan Karavias. Ubanka ya fi ka ladabi, shi yakan yi sallama."

"Ina wuni, Baba Zisis. Ban gan ka a bikin Agusta ba."

"Baya ya kwantar da ni."

"Allah ya sawwaƙe. Ka ga sabon zakin?"

"Ban shiga haikalin nan ba tun hunturu. Me zan gani? An ce wani ɗan koyo ne ya yi shi."

Lefteris ya ja kujera ya zauna kamar mai shirin shan gahawa.

"Ɗan koyo ne kuwa. Shawara na zo nema. Injiniya ta ce sakaran ya cusa ƙarfe tsirara a cikin rufin. Yanzu da ruwa ya shiga, tsatsa za ta tsaga kusurwar gaba ɗaya. Gobe za ta sa a fasa wurin da guduma a zaro ƙarfen. Wace guduma ka ga ta dace?"

Kurfin sassaƙar da ke hannun tsohon ya tsaya cak.

"Guduma? A jikin wannan dutsen?"

"Ba yadda za a yi. Tsatsa..."

"Wace tsatsa, ɗan banza! Ƙarfen yana cikin dalma tun daga kai har gindi, ko shekara dubu zai yi ruwa ba zai taɓa shi ba!"

Lefteris ya miƙe daga kan kujera.

"Ƙarfen yana cikin rufi, Baba. Ba mai ganinsa sai wanda ya sa shi."

Zisis ya ajiye kurfin a hankali, ya goge hannu a gaban riga. Ya shiga ƙuryar shago ya yaye wani tsohon bargo daga kan akwatin katako. Ga zakin nan kwance a kan ciyawa, rabin hancinsa ya zaizaye.

"Duba shi. Lokacin da nake yaro ana ƙirga gashin bakinsa daga ƙasa. Iskar teku na cinye shi kamar sabulu, masu gyara kuma sai taro da cin abinci. Na ce a sauke shi, aka ce in jira. In jira har ya zama dunƙulen gishiri? Ban sayar ba, ban yi niyya ba."

"Na yarda. Amma abokinka yana kulle, ka ji, kana nan kana sassaƙa gicciye."

Tsohon ya ce, "Na ce ai za su sake shi."

"Jirgi za a sa shi."

Zisis ya ɗauki hularsa da kansa. Da 'yan sanda biyu suka zo ɗaukar akwatin, sai da ya daka musu tsawa su riƙe ta ƙasa, ba buhun dankali ba ne. Lefteris bai sa masa ankwa ba. Suka ratsa kasuwa a ƙafa, masu shan gahawa suka daina magana.

A ƙofar ofis suka yi kiciɓis da Thanasis, an sako shi, yana rungume da ƙunshin burodinsa. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna.

"Thanasis..." in ji Zisis.

"Rufe mini baki, tsohon jaki," in ji Thanasis. "Tun da na ga farar fuskar nan na san hannunka ne. Da ka tambaye ni, ai da ni zan riƙe maka igiyar sauke zakin."

Lefteris ya duƙa yana ɗaure igiyar takalminsa da ba ta kwance ba, sai da Thanasis ya yi nisa. Sannan ya miƙe ya kama hannun Zisis.

"Mu shiga, Baba."