Fumfunar Rumbun Baba

Ranar da Lauratu ta kai mahaifinta, Malam Nata'ala, asibiti a Dutse saboda tarin da ya ƙi jin magani, idonta ya sarƙe da na Zuhair, matashin da ke binciken ƙwayoyin fumfuna a ɗakin gwaji. Kafin a sallame su har ya karɓi lambarta.

Shi ne kuma ya biyo su ƙauyensu bayan Jahun, ya leƙa rumbu, ya ɓata komai a gaban maƙwabta.

"Baba, fumfunar geron nan ce ta shiga huhunku. Sai an ƙone shi."

Malam Nata'ala ya miƙe yana tari. Geron da ya yi shekaru yana adanawa, wanda duk gari ke ganin girmansa dominsa?

"Fice min daga gida! Ke kuma, ko zaure kika leƙa ban yafe ba."

Gida ya zame mata kurkuku. Kullum ita ke shanya geron a rana, ƙura na shiga mata hanci. Baba kuwa da ya ɗan ji sauƙi sai ya ajiye magani, ciwo ya dawo. Ga Mu'az, ɗan maƙwabcinsu, ya fara turo manyansa.

Wani hantsi saƙon Zuhair ya shigo wayar da ta ɓoye a kwanon samira:

"Zumata, shanya ba ta kashe fumfunar nan. In aka takura mata da zafi ko rabin magani, sai ta ƙara wa jikinta kauri, ta dawo da mugunta. Ina tsoron rasa Baba, ina tsoron rasa ki."

Ta share hawaye ta rubuta:

"Nawan, kai ma haka ka yi wa Baba. Ka takura shi a bainar jama'a, ya taurare. Ka dawo da dami, ba da ashana ba."

Ranar Juma'a sai ga Zuhair da kawunsa, amalanke cike da sabon gero daga gonarsu. Ya durƙusa.

"Baba, na yi rashin kunya. Rumbunku ba zai zauna wayam ba."

Malam ya kawar da kai. Sai tari ya taso daga tsakar gida, busasshe irin nasa. Na Lauratu ne.

Malam ya juya ya dubi rumbun.

"Miƙo min ashana, yaro."

Da hannunsa ya kunna wutar. Shi da 'yarsa suka shanye maganinsu tas, bayan kaka aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya ya dafa kanta, muryarsa garau.

"Allah ya yi muku albarka. Kai kuma, likitan rumbu, ka riƙe min ita da kyau."